Malam Iliyasu, Mai Jiran Ƙarfe Ya Gaji

Idan aka idar da sallar asuba, kowa ya tsaya gaisawa a ƙofar masallaci, Malam Iliyasu ne mutum na farko da ke neman takalminsa. Ba ya jiran shayi, ba ya jiran labarin siyasar gida. Sai ya shiga tsohuwar Toyotarsa, ya biya ta gidansa a unguwar Glenwood ya ɗauki filas ɗin da matarsa Anti Larai ta ajiye masa a bakin ƙofa, ya hau titin Wendover kafin motoci su cushe, ya miƙe gabas har wajen McLeansville, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Can akwai wani gini mai kama da sito, ba allo, ba kwalliya. Idan ya buɗe ƙofa ba ya kunna fitila tukuna, tsayawa yake yi ya saurara. Inji shida ne a ciki, kowanne yana riƙe da guntun ƙarfe mai kauri, yana ja yana saki, yana ja yana saki, ba dare ba rana. Da kunne yake fara gaishe su. Sannan ya kunna wuta, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗora tafin hannu a kan kowanne. Shekara ashirin da uku ke nan yana wannan.

Ya ce kada in rubuta wannan. Sau uku ya faɗa, na ukun har da ɗaga yatsa. To na rubuta, in ya so ya yi fushi a cikin jirgi. Ranar Lahadi zai tafi Zariya wajen mahaifiyarsa, Inna, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya, wadda rabonsa da ita shekara shida. Tun watan Fabrairu ya kamata ya yi tafiyar nan, ya ajiye aiki ya yi azumi a gabanta, domin hawan jinin ido ya riga ya cinye mata ido ɗaya, likita kuma ya ce ɗayan ma yana kan hanya. Bai tafi ba sai yanzu, ƙarshen Satumba. Ni ne dalilin, sunana Zubair, kuma zan zo kan wannan. Amma bari in fara da ku, jama'armu ta Greensboro, don ku ma kuna da naku.

Shekara ashirin da uku mutum yana cikinku ba ku san me yake yi ba. Kun ji an ce ƙarfe, sai kuka yanke hukunci mai walda ne. Wanda salansar motarsa ta huje ya kai masa. Wanda ƙafar abin gashin namansa ta cire ranar Babbar Sallah ya kira shi, Malam yana tsakiyar fiɗar ragonsa. Shi kuma, abin da ya fi ba ni haushi, sai ya karɓa ya gyara, bai taɓa cewa ba aikinsa ba ne. Kowace shekara muna taron ƙungiya muna raba allunan yabo: mun ba likita, mun ba mai tura motoci Kwatano, mun ba wanda ya samo mana gonar da ake yanka raguna. Malam Iliyasu kuwa shi ake cewa ya zo da wuri ya ɗaura rumfa.

Boukari, mutumin Maraɗi mai tuƙa babbar mota, shi ne kaɗai ya taɓa tambayarsa a gabana, shi ma don tsokana.

"Bon, Malam, ka faɗa mana tsakani da Allah. An ce wai biyanka ake yi ka zauna kana kallon ƙarfe har ya karye. C'est vrai, da gaske ne?"

Malam bai yi dariya ba. Ya ɗauko wayar ƙarfe ta rataye riga a bayan mota ya miƙa masa. "Ja ta ka tsinka."

Boukari ƙato ne, ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi, waya ba ta san ana yi ba. Malam ya karɓa, ya riƙa lanƙwasa ta gaba da baya a hankali da yatsu biyu, yana ci gaba da hira da wani. Can sai ta rabu biyu.

"Ba ƙarfina ya karya ta ba, gajiya ta yi," in ji shi. "Ka san manyan fankokin nan da ake kafawa a tsakiyar teku suna ba da lantarki? Kowace a kan bututun ƙarfe take tsaye, faɗinsa ya kai falon gidanka, an kafe shi a ƙasan ruwa. Igiyar ruwa ta ture shi, iska ta dawo da shi, kullum, shekara da shekaru. Ba ya faɗuwa rana ɗaya. Tsaga ce ke farawa a bakin walda, siririya, ido ba ya ganinta. Aikina in san yaushe za ta fara, kafin ta fara a kan mutanen da ke hawa su yi gyara."

"Kai da teku awa uku da rabi a mota," in ji Boukari. "Ka ma taɓa ganin fankar?"

"A hoto."

Aka yi dariya aka watse, washegari wani ya kawo masa keken ɗansa.

Ni fanelbita ne. Shekara goma sha huɗu na yi a Ƙofar Ruwa a Kano kafin in zo ƙasar nan in koma jera kwalaye a wani sito a kan Wendover. Malam Iliyasu ne ya ga hannuna, ya yi mini magana a wurin aikinsu aka ɗauke ni. Duk wanda ya koyi aiki inda na koya ya san doka ɗaya: ba a barin walda ta nuna. Ka liƙa, ka bi da giranda, ka shafe har mai mota ya shafa bai ji komai ba. Idan yatsansa ya tsaya a wurin, ka ji kunya, ogan da ya koya maka ma ya ji kunya. Da wannan tarbiyyar na shiga ɗakin gwajin Malam, kuma ba wanda ya yi tunanin cire mini ita a ƙofa.

Ina wata na uku a aikin, ƙarshen Yulin bara, aka yi wa Malam aikin gwiwa, ya kwanta sati biyu. A cikin sati biyun nan akwati ya iso daga wani kamfani a Turai. Guntaye goma sha biyu ne na ƙarfe, kowanne da walda a tsakiya, an yi su daidai da yadda aka yi waldar ginshiƙan wasu fankoki da suka shekara ashirin a cikin ruwa. Masu fankokin suna so su sani ko za su iya ƙara musu shekara goma, ko kuwa lokacin sauke su ya yi. Wannan gwajin shi ne aikin Malam na ƙarshe. Wata bakwai zai ɗauka a cikin ruwan gishiri, ya sa hannu a Fabrairu, ya hau jirgi.

Da na buɗe akwatin na ga waldar, raina ya ɓaci. Duk gudaji, kamar tuwon da aka tuƙa da ganda. Na ce wato mutumin da ya rufa mini asiri zai taso daga jinya ya tarar da wannan ƙazantar a kan teburinsa? Ranar wata Juma'a da safe na ɗauki giranda. Ban ci ƙarfen da yawa ba, bakin waldar kawai na bi na kwantar, ya yi sumul. Guda shida na gama lokacin masallaci ya yi, sauran shidan na mayar cikin akwati da niyyar in dawo kansu. Dama shida ake bukata, sauran na ajiya ne. Na ɗauki hotunansu kamar yadda aka koya mini, na ɗaura kowanne a injinsa, na rufe akwatin gilashi na cika da ruwan gishiri. Manajanmu Simeon, Bature ne, injiniya mai kirki amma da kwamfuta yake gani, ya shigar da lambobinsa ya tayar da inji. Ranar na tafi gida ina jin na yi abin kai.

Malam ya dawo da sanda ya tarar da injuna suna aiki, tsatsa ta riga ta rufe ƙarfen a bayan gilashi. Aka shiga jira.

A watan Nuwamba wasu baƙi suka zo zagaya, Simeon yana yi musu bayani ina share ƙasa a bayansu. Sai na ji ya ce, ai waldar da aka goge bakinta takan ninka wadda ba a goge ba daɗewa, shi ya sa ba a taɓa guntun gwaji, yadda yake a teku haka ake son sa a inji. Na tsaya da sharar. Na dubi Malam yana can yana shan shayinsa. Na ce bari baƙi su tafi in gaya masa. Baƙi suka tafi. Na ce bari gobe. Kunya ce, irin wadda muke yabon kanmu da ita, wai ba ka iya kallon idon babba ka ce ka yi ɓarna. Har na riƙa lallashin kaina da cewa wataƙila ɗan abin da na goge bai kai ya canza komai ba.

Ya canza. Bisa lissafi, wajen wata na huɗu ko na biyar ya kamata a fara ganin tsaga. Disamba ta wuce ba ko ɗaya. Simeon yana murna, masu fankoki suna aiko da saƙon jin daɗi, shekara goman da suke so ga ta tana zuwa. Kowa a ginin yana fara'a ban da mutum biyu, ni da na sani, da Malam da bai sani ba amma hankalinsa ya ƙi kwanciya. Zai tsaya gaban inji ya daɗe, ya ce, "Ƙarfen nan ya kamata a ce ya gaji."

A nan ne nake so ku tsaya ku duba irin mutumin. Saura sati huɗu ya tafi. Tikiti yana hannu, Anti Larai ta cika akwatuna da tsaraba har ta fara rabar da tukwanenta. Sakamakon da ya fito mai daɗi ne, ba wanda zai zo ya tuhume shi don ƙarfe ya yi ƙarko. Wa ke bincike idan labari ya yi kyau? Wata safiyar Janairu mai sanyi ya shigo, ya saurara, ya kunna fitila, ya je ya kashe inji na uku.

Simeon ya fito a guje daga ofis yana tambayar me ya faru. Malam ya ce ba abin da ya faru, shi ne ma abin da ya dame shi. Ya zubar da ruwan gishirin, ya naɗe hannun riga, ya zura hannu ya bi bakin waldar da babban yatsansa, a hankali, idonsa a rufe. Sannan ya ɗingisa zuwa ɗakin ajiya, ya buɗe akwatin, ya ɗauko ɗaya daga cikin shidan da Juma'a ta hana ni taɓawa, ya bi shi da yatsan nan. Ya juyo.

"Zubair, wa ya taɓa na cikin injin?"

"Ni ne, Malam. Gyara maka na yi."

"Yaushe ka gane ba gyara ba ne?"

Na so in ce yanzu. Bakina ya ƙi. "Tun Nuwamba."

Ya dube ni, ya ce, "To." Ya je ya wanke hannu.

Wannan "to" ɗin har yau tana cina. Da ya zage ni, da ya kira ni jaki a gaban Bature, da na samu sauƙi. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, ranar ko bayanta.

Abin da aka yi a ofis na ji da kunnena, don ƙofar a buɗe take. Simeon ba mugu ba ne, ya san labarin Inna. Ya ce akwai mafita: a rubuta a rahoto cewa an goge waldar, a raba sakamakon biyu don a kiyaye, Malam ya sa hannu ya tafi wajen mahaifiyarsa. Ni kuma a sallame ni.

"Biyu za a raba ko uku?" in ji Malam. "Ka sani? Ni ban sani ba. Wanda zai hau fankar nan da igiya a ƙugunsa, ba zan ba shi lambar da na ƙaga ba. Ga shida a akwati, a sake daga farko."

Simeon ya tuna masa cewa shi kaɗai ke da takardar shaidar da masu fankokin suka yarda da ita, kuma dole mai ita ya duba injunan kullum. Malam ya ce ya sani, zai tsaya.

"Zubair kuma ni na kawo shi, ni ne ban gaya masa ba a taɓawa, ni ne kuma na dawo ban buɗe hotunan ba. A rubuta haka a rahoton, da sunana. Yana da hannu mai kyau, wurin sa shi ne bai sani ba."

Aka rubuta haka. Shekara ashirin da uku ba a taɓa rubuta kuskure a gefen sunansa ba sai a takardarsa ta ƙarshe, kuma da bakinsa ya faɗi yadda za a rubuta.

Ranar Lahadin da ta biyo na je gidansa da rana in ba da haƙuri, na tarar ana yi. Anti Larai tana tsaye a tsakanin akwatuna.

"Baban Ilham, ina tambayarka, ƙarfen nan shi ya haife ka? Inna kullum sai ta tambaya saura kwana nawa. Ni zan kira ta in ce mata me? In ce walda?"

'Yarsu Ilham ta ɗago daga kan kujera. "Baba, just go. Two weeks. Ka gan ta ka dawo, injin ba zai gudu ba."

Boukari yana wurin, shi ma ya sa baki. "Vraiment, Malam, mutanen da kake wa wannan ko sunanka ba su sani ba."

Malam yana kallon ƙasa. Ya ce, "Sati biyu na yi a kwance." Bai dube ni ba. Ba wanda ya dube ni, wannan ya fi duka zafi.

Zan faɗi gaskiya tunda jinjina ba ta hana gaskiya: har yau ban tabbata ya yi daidai ba. Na roƙe shi, na ce ya tafi ko kwana goma ne, a tsayar da injunan, duniya ba za ta tashi ba. Ya ce ƙarfen da ya zauna a ruwan gishiri ba motsi, tsatsarsa daban ce, lissafi ya sake ɓaci. Komai ka kawo yana da amsa, a hankali, ba ɗaga murya, har ka ji kamar ka fasa ihu. Ban taɓa ganin taurin kai mai ladabi irin na mutumin nan ba.

Aka ɗaura shidan da ba a goge ba a farkon Fabrairu. Wannan karon shi ya tsaya a kaina, ya sa na bi kowace walda da yatsa kafin a rufe gilashi, wai in san kaushin da ake biyanmu mu kiyaye. Azumi ya zo ya same shi a McLeansville. Kowace Juma'a da tsakar rana, lokacin can yamma ta yi, sai ya shiga mota a wajen ajiye motoci ya kira ƙanwarsa Rahina ta bidiyo, ta miƙa wa Inna waya. Ina hango shi ta taga. A watan Maris tana ce masa ya yi furfura. A watan Mayu sai ta kawo wayar dab da fuskarta, har ba ya ganin komai sai goshinta. Cikin Yuni ta ce tana ganin farar hularsa. Juma'ar biyu ga watan Yuli ya daɗe a motar fiye da kullum. Da ya shigo ya ce, "Rahina ta ce idon ya rufe." Ya wuce ya ɗora tafin hannu a kan inji na huɗu, ya tsaya a haka. Ni na fita waje, don ba ni da fuskar tsayawa a ɗakin.

Ƙarfen kuwa ya gaji kamar yadda ya ce. Na farko ya tsage a wata na huɗu, sauran suka biyo baya, na ƙarshe ya kai makon jiya. Ba shekara goma ta fito ba. Huɗu ce, ita ma da sharaɗin a riƙa tura masu nutso suna duba waldar kowace shekara. Can a wata teku da bai taɓa gani ba, akwai mutanen da za a sauke daga kan ginshiƙan nan shekara shida kafin lokacin da girandata ta yi musu alkawari. Ba za su taɓa jin sunan Iliyasu ba. Ya sa hannu ranar Talata, ya wanke kofinsa ya sa a jaka, ya ƙi liyafar da Simeon ya shirya.

Juma'ar da ta wuce na roƙe shi ya ba ni Inna in gaishe ta. Na durƙusa a gefen mota kamar tana ganina, na fara kame-kame.

"Kai ne mai gogewar?" ta ce. "Ya ba ni labarinka. Ya ce kana da hannu."

Na ce ta yafe mini, ni na tsare mata ɗa.

"Allah ya yafe mana baki ɗaya. Tun yana yaro haka yake, in ya ce abu bai yi ba, to bai yi ba. Ku dai sako mini shi. Ido ya tafi, amma ai ina da yatsu, zan shafa in ji yadda ya tsufa."

Malam Iliyasu, na Larai, mai jiran ƙarfe ya gaji. Kai ne ka ƙi yarda da labari mai daɗi saboda yatsanka bai shaida ba. Kai ne ka ɗauki laifin da rabinsa ma ba naka ba ne, ka bar mini abincin 'ya'yana. Kai ne ka gyara mana salansa da kekuna shekara ashirin da uku ba ka ce mana mun raina ka ba, alhali mun raina ka. Ka ba ni haushi fiye da duk wanda na taɓa yi wa aiki, kuma ba wanda nake jin nauyinsa kamarka. Mun gode. Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka tarar da ita da ƙarfinta, ya ba ku tsawon kwana tare.

Ku kuma 'yan ƙungiya, na ji kun fara maganar allon yabo. Ku riƙe abinku, ba zai karɓa ba, kuma ba shi da wuri a akwati. In kuna son girmama shi, ku yi aikinku yadda yake yin nasa ko ba mai gani: mai jinya, mai tuƙi, mai jera kwali. In abu ya yi kyau fiye da yadda ya kamata, ku sa hannu ku taɓa. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗa a ranar, ko a gaban wa, ku bar kunyar nan ta kashe ku a wurin sau ɗaya. Gwajin wata bakwai ne. Da na buɗe baki a Nuwamba, da an gama a Yuni, lokacin da Inna take ganin farar hularsa.